Ƙasar Fadamar Hamani

Ni dai har gobe ban yafe wa Hamani ba, wanda ya ji ya kai masa.

Ƙanwata Samiratu malama ce a jami'a a Yamai. Aikinta karanta ƙasa. Ƙurar fure da gawayin da ke kwance hawa-hawa cikin ƙasa su ke gaya mata abin da mutanen dā na yankinmu, Kurfai, suka shuka, da zamanin da ruwa ya ƙafe musu. In hawan ya cakuɗe, karatu ya ƙare.

Da bazara ta zo gida Filinge ta haƙa fadamar maƙwabcinmu Hamani, da izininsa fa! Ta ciro ƙasa cikin dogayen bututai, ta jera a ɗakin Baba kafin motar jami'a ta zo ɗauka, ta koma Yamai. Shekaru ta yi tana jiran injin haƙar, na aro ne, har an mayar.

Sai ruwan shuka ya sauka ya ɗauke, geron Hamani ya ƙone. To namu bai ƙone ba? Na duk unguwa ya ƙone! Amma shi wai an ɗebi ƙasar gonarsa a yi masa sammu. Ya taro mutane ƙofar gidanmu, wai sai an maido masa ƙasarsa. Baba ya fito da bututan, Hamani ya zazzage su a gona. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Na buga wa Samiratu, ta biyo motar kasuwa. Tana shigowa Baba ya ja ta bayan rumbu yana murmushi.

"Kwantar da hankalinki, ɗiyata. Rairayi na cika musu a bututan. Ƙasar taki tana nan."

Ya janye zana. Buhu ne guda, ɗaure da igiya.

"Duk na juye miki wuri ɗaya. Har na tankaɗe, na fid da gawayin da datti."

Innalillahi! Samiratu ta durƙusa, ta tura hannu cikin buhun, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Ita da kanta ta ɗauki buhun zuwa tasha, na raka ta. Sai can ta fashe da kuka, ta riƙe mini hannu.

"Yaya Rakiya, kada ki gaya wa Baba."

Ban gaya masa ba. Har yau, duk wanda ya zo gaisuwa, sai Baba ya rage murya ya ba shi labarin yadda ya ceci aikin ɗiyarsa.