Matil a Gangaren Arewa

Athol Rattray ya kafa shebur a ƙarƙashin tagar kicin, ya taka da ƙarfi, ƙasar ta ƙi buɗewa. Tsakuwa ce zalla da busassun ganyen itacen turare. A gefensa akwai dashen matil, wani itacen daji mai son inuwa, cikin tukunyar roba, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, da gwangwanin da aka miƙa masa ranar Talata, mai ɗauke da tokar gawar matarsa Merle da aka ƙona.

'Yarsa Bronwyn tana tsaye a baranda, shayinta ya huce a hannu. Tun da safe ta sa jakarsa a mota, domin ta gyara masa ɗaki a gidanta na birnin Hobart, shi kuwa bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kwana tara ke nan da rasuwar Merle, duk abin da aka ce masa sai ya gyaɗa kai.

"Baba, kai da bakinka ka koya mini," in ji ta. "Matil ba ya rayuwa a nan."

Gaskiya ta faɗa. Ya shiga aikin gandun daji a 1968, shekara guda bayan babbar gobarar dajin da aka yi ranar bakwai ga Fabrairu, ya yi shekara arba'in da ɗaya yana ƙidayar itatuwa fili bayan fili. Ya san tudun nan da gidansu yake ciki da waje. A ƙololuwa, gajerun turare masu kaurin ɓawo da ƙananan tsirrai masu ƙaya. A tsakiya, dogayen turare. Sai can cikin kwazazzabon da ke fuskantar kudu, inda wuta ta yi shekara ɗari uku ba ta shiga ba, nan matil yake, cikin inuwa da danshi. Gidansu kuwa yana gangaren arewa, inda rana ke yini. Sau uku ya dasa wa Merle matil a wannan taga, a 1979 da 1991 da 2006, kuma babu wanda ya ga ƙarshen zafin Fabrairu.

Duk da haka, a gadon asibiti Merle ta riƙe hannun rigarsa ta ce, "Farfesa, a tagar kicin nake so. Kada ka kai ni ramin nan naka mai sauro." Bai taɓa zama farfesa ba, tsokanarta ce tun suna saurayi da budurwa.

Bronwyn ta ba da shawara su sauka kwazazzabo su dasa, tafiyar minti ashirin ce, itacen ya rayu da kansa, su kama hanya kafin azahar. Ya saurare ta har ta gama. Sannan ya yi bayani da muryar da yake karanta rahoto da ita: na baya sun mutu ne domin yana daji makonni a jere. Idan aka yi masa rumfa, aka rufe gindinsa da ruɓaɓɓen ganye, aka ba shi ruwa bokiti biyu safe da yamma, yana iya kamawa cikin shekara goma.

"Shekara goma? Shekararka saba'in da tara fa. Wa zai ba shi ruwan in kana Hobart?"

Ya sake taka shebur, wannan karon wani dutse ya motsa.

Ta ajiye kofin a kan dakali.

"Mama ta san da wannan lissafin?"

"Ita ta buga mini rahotannina duka a keken rubutu," in ji shi. "Har kuskure take gyara mini."

Ya durƙusa da ƙyar, ya buɗe gwangwanin, ya juye tokar a ramin, ya gauraya ta da baƙar ƙasar da ya ɗebo daga kwazazzabo jiya. Bai ji komai ba, sai sanyin ƙasar a yatsunsa. Ya zaunar da dashen, ya danna gefensa.

Da ya miƙe ya nufi tankin ruwa, sai ya ji an buɗe bayan mota. Bronwyn ta wuce shi da jakarsa, ta shiga gida. Ya tara bokitin farko a famfo, ya tsaya yana jira ya cika.