Gefen Katangar Yaya Hamidu

…kuɓewa dai ba za ta yi a nan ba, Zuwairatu. Na sani. Tun safe nake tsugune ina kallon wurin. Taku biyu faɗinsa, katanga ta nan, bangon ɗaki ta can, rana ba ta leƙowa sai gab da azahar, ta ɗan taɓa ƙasa ta wuce.

Yayanki Hamidu ne ya ce in shuka wani abu. "Zaman banza zai kashe ka, Sharhabilu." Ni da nake noma gona uku a Runka! Gero, dawa, wake a tsakani… yau ga ni a Batsari, a gidan wani, da 'yar fartanyar aro.

Na je kasuwa na tambayi mai sayar da dashe. Ya ce na'a-na'a na son inuwa, gwaza ma haka in da ruwa. Shuwaka, wataƙila. Lalle kuwa a'a, zogale a'a. Duk abin da kike so, a'a.

Na'a-na'a… wa zai dafa shayin? 'Yarmu Nana Hadiza tana ƙoƙari, amma shekararta goma sha biyu, kuma in ta sunkuya kan murhu sai in kau da kai. Wuyanki ne sak.

Irin kuɓewarki na aljihuna, a ƙullin tsumman nan. Shi na ɗauko ran da muka gudu. Ban ɗauko takalmi ba. Me ya sa? Kin tafi rafi wanki, hantsi ya ɗaga, sai ƙarar babura — ba ɗaya ba, ba goma ba. Matan da suka kuɓuta suka ce an ɗora ki a baya, an yi daji da ke. Wata goma sha ɗaya ke nan. Waya ta yi ƙara sau biyu, daga nan shiru.

In na zuba irin a inuwar nan, zai tsiro siriri, ya yi rawaya, ya kwanta. In na ajiye… iri ma yana mutuwa a ƙulli. Damina nawa zai jira?

Gwaza fa? Wata bakwai, takwas kafin a tona. Wanda ya dasa gwaza ya san zama ya kama shi. Na ce wa mai dashen a'a. Na tafi har bakin tasha, na dawo na ce ba ni shida.

Ga su a jiƙe cikin buhu. Ƙasar da sanyi, gwiwata na ciwo. Ke kin iya wannan, kina dasawa kina mita wai kaji za su tone…

To. Rami ɗaya. In sa, in rufe, in danna da tafin hannu. Bismillahi, Allah ya raya, Allah ya jiƙan ki da —

A'a.

Ba haka zan ce ba. Wa ya ga gawa? Wa ya gaya mini? Ban taɓa faɗa ba, ko a sujada ban taɓa ba…

Hannuna yana kan ƙasar. Na kasa ɗagawa.