Cibiyar Mota

Wata biyu da kwana tara motata ta yi a tsakar gida ba ta motsa ba, har kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Sabuwa fa, ko shekara ba ta cika ba. Motar lantarki ce fara, ga takardar garantin shekara takwas a kan batirinta, na naɗe a leda na ajiye kamar takardar gona.

Ba don gayu na saye ta ba, komai mutanen ƙauyenmu za su ce. Ambo, mahaifina, sau uku a mako ake yi masa wankin ƙoda a Tawau, kilomita arba'in daga nan bakin teku. In ya sauko daga kan na'urar nan jiri yake gani, warin fetur kaɗai amai yake sa shi. Shekara biyu ina goya shi a babur, ina ɗaure shi da zane a bayana kada ya zame. Duk wanda bai taɓa jin kan ubansa yana lilo a kafaɗarsa a kan kwalta ba, ya rufe min baki da zancen gayu.

Laifina ɗaya, in ji kowa: a jihar Selangor na sayo ta, can ƙetaren teku, ba nan Sabah ba. Ƙanin Murniati, matata, yana aiki a can, shi ya ce ana rangwame, dillalin kuma ya rantse garantinsu babu inda ba ya aiki a ƙasar nan. Ambo bai so ba. Shekara arba'in ya yi yana sassaƙa jiragen katako kafin ciwo ya zaunar da shi, kuma a wurinsa ba a sayen jirgi inda ba ka san hannun da ya sassaƙa shi ba. Sau ɗaya ya faɗa, na yi kunnen uwar shegu, shi ke nan bai ƙara ba.

Amma ranar da aka kawo ta, ya fi kowa rawar jiki. Ya sa aka yanka zakara ya shafa jinin a tayoyi huɗu, liman ya yi addu'a, mata suka shimfiɗa sokko, shinkafarmu mai danƙo ta biki, da ayaba. Ya zagaya ta har sau uku yana neman inji. Na buɗe masa gaba, ya leƙa, ya tambaye ni to ina ranta yake. Na ce batir ne shimfiɗe a ƙarƙashinta tun daga gaba har baya. Mu ƙabilar Bugis, a wurinmu jirgi ba ya taɓa ruwa sai an yi masa cibiya: mai sassaƙa ya huda tsakiyar gindinsa, ya sa ɗan zinare, ya toshe da ƙaro, don jirgin da ba shi da cibiya ba ya gane hanyar gida. Na tsokane shi cewa wannan tun a kamfani aka yanke mata tata. Ya yi dariya. Muka shige cin abinci, shi ya ce ba ya jin yunwa, zai zauna a inuwa ya yi kallonta.

Wata bakwai muka sha daɗi, wallahi. Ambo yakan kwanta a kujerar baya, kafin mu wuce gonakin manja ya yi barci, har da minshari. Sai damina ta kankama. Wata Asabar na ratsa ruwa a ƙaramar gadar nan ta kusa da makaranta, ruwan da ko idon sawu bai kai ba. Kwana biyu bayan haka na danna maɓalli, jar fitila ta kunnu, mota ta ce ba da ita ba.

Na kira dillalin Selangor, ya ce babu damuwa, in kawo ta. In kawo ta! Kamar buhun shinkafa ce zan ɗora a ka in tsallaka teku. Na je tashar jiragen ruwa, suka ce ba sa ɗaukar motar da batirinta ke da ciwo, tsoron gobara suke. Na kira reshen kamfanin da ke Kota Kinabalu, babban birnin jiharmu, wata mai suna Felicia ta duba kwamfutarta ta ce babu sunana, ni ɗan wata jiha ne a wurinsu, sai Selangor sun aiko takardar mayar da ni hannunsu. Selangor suka ce ba sa ba da takardar sai Kota Kinabalu sun duba motar sun rubuta abin da ya same ta. Kota Kinabalu suka ce ba sa duba motar da ba ta cikin kwamfutarsu. Abu ɗaya kawai bakinsu ya zo ɗaya a kai: in wani bakanike na waje ya kwance ko kusa ɗaya, garanti ya tashi. Gaba kura baya sayaki. Maƙwabcina bakanike ya zo da jakar spanarsa don taimako, na kore shi kamar ɓarawo, har yau gaisuwarmu sama-sama ce.

Muka koma babur. Murniati ta ciro tsohon zanen nan daga akwati, da nake ɗaure Ambo sai ta ce, "Daeng," haka take kirana don girmamawa, "arha dai ba ta ado." Na ce ta bugo wa ƙaninta ta faɗa masa, ai shi ya haɗa ni da arhar. Kwana uku ba mu yi magana ba.

Abin da ya fi ci min rai, Ambo bai taɓa yin ƙorafi ba. Yakan riƙe hannunsa na hagu, wanda ake sa wa allura, a ƙirjinsa don kada ya bugu, ya kwantar da kai a bayana. Wata Alhamis motar manja ta wuce mu ta feso baƙin hayaƙi, ya yi amai a wuyana, jikinsa ya saki, babur ya yi tangal-tangal saura ƙiris mu faɗa kwata. Na tsaya a gefen hanya ina goge masa baki da rigata, sai ya ce in yafe masa ya ɓata min kaya. Ranar na yi kuka, ba zan ɓoye ba, na juya baya na yi abina.

Da Asabar ta zo na dawo da shi daga asibiti, na hau bas zuwa Kota Kinabalu, kusan awa goma sha biyu a hanya. Litinin da sassafe na zauna a ofishinsu da ƙullin burasak ɗina, shinkafar guzuri da ake naɗewa a ganyen ayaba, a cinya, na ce ba inda za ni. Felicia ta yi ta cewa, "Yallaɓai, mun fahimci damuwarka," har na ce in ta ƙara fahimtata sau ɗaya zan kwanta a kan teburinta. Na nuna wa duk mai shigowa sayen mota hoton kaji a ƙarƙashin tawa. Na kira su macuta, na kira su 'yan damfara, na ce su suka saka min ruɓaɓɓen batir don sun ga ni ɗan ƙauye ne. Kafin azahar manajan ya fito yana share gumi, ya ce an yi min alfarma, injiniyansu zai zo Tawau ranar Alhamis ya duba, in laifin batir ne za a saka sabo kyauta. Na dawo gida ina taku ɗai-ɗai, na ce wa Murniati ta ga yadda maza ke yi.

Ranar Alhamis aka jawo motar zuwa wani gareji a Tawau mai na'urar ɗaga mota sama. Na sauke Ambo a asibiti, awa huɗu zai yi, na wuce can. Injiniyan sunansa Wilfred, ɗan siriri, ba shi da yawan magana. Ya ɗaga motar ya shiga ƙarƙashi da tocila, yana ɗaukar hoto da waya. Ya daɗe a wuri ɗaya. Can sai ya yafito ni.

Daidai tsakiyar ƙarƙashin motar, ba gaba ba baya, ga wata 'yar huda kamar ƙwayar masara. An toshe ta da ƙaro, ƙaron ya tsage, gefensa ya yi kore. Wilfred ya ce ta nan ruwa ya shiga. Ya sa ɗan hantsaki ya zaƙulo wani abu ya ɗora min a tafin hannu. Zinare ne, ɗan guntu mai lanƙwasa, da rabin fure a jikinsa. Na san furen nan. Ɗan kunnen Indo ne, mahaifiyata, da ta rasu shekara shida da suka wuce, wanda Ambo ke ajiyewa a gwangwanin taba a ƙarƙashin matashinsa.

"Oga, wannan ba dutse ba ne ya fasa," in ji Wilfred. "Hannu ne ya huda, kuma hannun gwani. Dubi yadda ya auna tsakiya."

Ni da na cika ofishinsu da ihu, muryata ta dawo kamar ta maroƙi. Na ce ba zai iya rubuta dutse ba? Na faɗa masa zancen wankin ƙoda, da zane, da motar manja. Ya saurara har ƙarshe, bai katse ni ba. Sannan ya juyo min da fuskar wayarsa: hotunan sun riga sun tafi ofis tun yana ƙarƙashi, haka aikinsu yake, ba ya iya janyewa. Ya ce garantin batir ya tashi. Kuɗin sabon da ya faɗa min, ko na sayar da babur da kwale-kwale da fegin manjana ba za su kai ba. Ya tambaye ni wa ya yi, na ce ban sani ba. Ya dubi zinaren, ya dube ni, ya ce Allah ya ba Baba lafiya.

Na naɗe guntun a takarda na sa a aljihu, na koma asibiti. Ambo yana zaune a benci a waje, auduga a hannu, fuskarsa ta yi fari fat. Tun daga nesa yake duban bayana, ko zai hango farar mota.

"Jumardi, sun gano ciwon?"

Hanyar garejin zuwa asibiti minti goma ce, duk na ƙare ta ina shirya abin da zan faɗa. Da na ga hannun nan nasa a ƙirji, sai na ji bakina yana cewa, "Sun ƙi, Ambo. Sun ce tunda a Selangor na saya, babu ruwansu."

Ya girgiza kai a hankali. Ya ce ai ya faɗa min. Na ce ya faɗa, laifina ne. Na san da yamma zan maimaita wa Murniati haka, gobe in maimaita a masallaci, kuma har in mutu ni ne wawan da ya tsallaka teku neman arha.

Na tallafe shi ya hau babur. Ina zagaya zanen ta bayansa sai ya dafa kafaɗata, ya rage murya kamar mai ba da sirri.

"Kada ka sa a ranka, za ta tashi. Na yi mata abin da ya kamata tun ranar farko, da zinaren uwarka ma na yi. Mai cibiya ba ya ɓatan hanyar gida."

Na ce Allah ya sa, Ambo. Na ja zanen na ƙulle a ƙirjina sau biyu, na ce ya toshe hancinsa zan tayar da inji.