Tiren Slatko a Hannun Tijana

Kwana goma ke nan Zorica tana dawowa daga gidan burodin da take aiki, ta tarar da ƙofar falo a rufe, surukarta Radojka da 'yarta Tijana suna ciki. Da ta taɓa ƙofar sai ta ji an yi saurin ture wani abu, sannan tsohuwar ta buɗe tana gyara ɗankwali.

"Mama, me kuke yi ne?"

"Tatsuniya nake mata. Ko ita ma sai da takardar likita?"

Kullum kuma gaban rigar Tijana a jiƙe yake, tatsuniya dai ba ta jiƙa wa yarinya riga. Tun bara da aka cire wa Tijana ƙari a ƙwaƙwalwa hannunta na hagu ya yi sanyi, tafiyarta sai tangaɗi, abin da ke gefen hagunta kuma ba ta ganinsa sam. Hankalin Zorica ya tashi. Faɗuwa take yi ana ɓoye mata? Ciwon ne ya dawo? Ran Asabar ta tono fasassun kofunan gilashi a ƙasan kwandon shara, an naɗe su da jarida. Ta tsare Tijana, yarinyar ta ce, "Kyanwa ce." Ba su da kyanwa.

Ba ta samu sukunin bin diddigi ba, don ran Litinin jami'ar ofishin gunduma za ta zo ta ga abin da Tijana ke iyawa. Rahotonta ne zai sa a bar mata mai rakiyar da ke hawa da ita bene, ta zauna kusa da ita a aji. In aka janye ta, makaranta ta ƙare.

Jami'ar, Gordana Jevtić, ta iso da hantsi. Ta zauna, ta kalli takardun da Zorica ta cike, ta kalli Zorica ta saman tabarau.

"Kin rubuta ko kofi ba ta iya ɗauka. Kowa haka yake rubutawa."

Zorica ta buɗe baki ke nan sai ƙofar kicin ta buɗe. Tijana ce cikin rigar coci, riƙe da babban tire: kwanon slatko, inabin da Radojka ta dafa a sukari, ga cokula, ga ruwa kofi uku. Ta tako ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi, ta tsaya cak a gaban baƙuwa. Ko ɗigo bai zuba ba.

"Sannu da zuwa gidanmu. Ki ɗanɗana."

Radojka ta harɗe hannu a bakin ƙofa. "A gidan nan 'yar gida ke ba baƙo slatko, tun zamanin kakata. Ba za a je gari a ce jikata ta gaza ba."

"Mama, kin kashe mu," in ji Zorica a hankali.

Gordana ta ɗebi cokali guda, ta kora da ruwa, idonta na kan Zorica.

"Wannan ce ba ta ɗaukar kofi? Baiwar Allah, kin san me ake kiran abin da kika sa wa hannu?"

"Wallahi ban san..."

"Uwa ce ke, a gida ɗaya kuke kwana, ki ce ba ki sani ba?"

Gordana ta tsoma cokalin a kofin, ta ɗora a tiren. "Na gode, 'yan mata. Mayar da kayanki."

Tijana ba ta motsa ba. Hannun hagun ya fara rawa, cokula suna ƙara.

"Kaka," ta ce cikin raɗa, "ba ki koya min komawa ba."

Ta ci gaba, idonta a kan tiren.

"Taku bakwai ne zuwa kujera. Daga nan kullum ke kike karɓa."

Radojka ta yunƙuro, Gordana ta ɗaga hannu ta tsayar da ita. Tijana ta cije leɓe, ta juya. Taku biyu, na uku ta karkace, gefen kabad ɗin da ke hagunta ya daki tiren. Kofuna suka tarwatse, slatko ya malale a ƙasa. Zorica ta cafe Tijana kafin ta kai ƙasa.

"Na ɓata, Kaka," Tijana ta fashe da kuka.

"Kabad ɗin ne ɗan banza, tun kakanki na da rai nake cewa a fitar da shi," in ji tsohuwar.

Gordana ta daɗe tana rubutu. Sannan ta ce, "Iya, ni ma na zubar da nawa tiren fiye da sau goma kafin uwata ta bar ni na fita gaban baƙo, da idona biyu. Mai rakiya tana nan, ba za a janye ta ba."

Zorica ba ta saki 'yarta ba. Ta miƙa wa Gordana ɗaya hannun.

"Ba ni rahoton in karanta da idona."