Ruwan Bayan Matafiyi

Ruwan ya fantsamo wa Lado a dugadugai, ya yi tsalle ya saki akwatinsa.

"Kai! Baba, me na yi maka? Munzali, ka gani ko? A sawuna ya zuba!"

Ni da Lado gadi muke yi a wani tsohon bene a unguwar Al Sadd, can ƙasar Larabawa, ranar kuma zai tafi hutu Gusau. Mai zuba ruwan Baba Gulam ne, tsohon tela ɗan Iran da ke ɗakin ƙasa. Yana tsaye da kofin silba, yana murmushi abinsa. Lado ya rantse asiri ne, sai da na riƙe shi.

Da guntun Larabcinsa da nawa na fahimci zancen. A garinsu, in mutum zai yi tafiya, ana zuba ruwa a bayansa don ya dawo.

Ƙaramin gari ne a kudancin Iran, mai tafkunan ruwan sama da aka rufe da ƙubba. In ya fara labarinsa ba ya gajiya. Gida-gida yake bi, yana faɗin mai gasa gurasa, da ladan, da matar da ke rina zare.

"Suna nan?" na tambaye shi.

"Ƙofofinsu suna nan," in ji shi. "Ni na zuba wa kowa a layinmu. Da tawa tafiyar ta zo, ba wanda ya rage ya riƙe kofi."

Tun yana saurayi bai koma ba. Burinsa ɗaya, a binne shi kusa da mahaifiyarsa.

Lado ya dawo lafiya, har da kilishi, ya zama ɗan gaban goshin tsohon. Shi ke kai shi asibiti da ƙafafunsa suka fara kumbura. Da likita ya gama magana, Baba ya sayar da kekensa na ɗinki, ya ce khalas, ya isa haka, gida zai tafi.

Da hantsi muka sa shi a tasi. Motar na tashi sai ga Lado a guje da kofin silbar, idonsa jawur, ya watsa ruwan a bayanta.

Baba ya waiwayo ta gilashin baya. Wallahi ban taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskar tsoho ba. Yana buga gilashin da tafin hannu har suka sha kwana.

"Me ya same shi?" in ji Lado.

Na dubi ruwan da ke ƙasa, na ce, "Lado, inda aka zuba ruwan, nan mutum ke dawowa."

Kafin azahar tasin ta dawo da shi. Direban ya ce a ƙofar filin jirgi ya yanke jiki, da ya farfaɗo kuma ya ƙi asibiti. Muka kwantar da shi a ɗakin da ba komai sai katifa. Ya yi ta gaisawa da bango cikin Farisanci, yana ɗan tsayawa kamar ana amsa masa. Ya cika ana kiran la'asar. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

A maƙabartar Mesaimeer, nan cikin gari, aka binne shi, tsakanin mutanen da bai sani ba.

Da muka dawo, rana na dukan kwalta, ko'ina ya bushe ƙayau. Wurin nan na bakin ƙofa da aka watsa ruwan kaɗai ke da danshi. Lado ya tsaya a kansa da tsintsiya, ya kasa takawa.