Ɗaya ga Yuli

Wutar gwamnati ta ɗauke daidai lokacin da layin da ke tafiya a allon ya kusa kaiwa ƙarshe. Intisar tana durƙushe a ƙarƙashin matakalar bene, gumi na bin bayan kunnenta, ta zuba wa baƙin allon ido. Kafin injin wutar unguwa ya karɓa, tsohuwar kwamfutar ta riga ta mutu, aikin safiya ya bi ruwa. Batirin da ta saya don irin wannan ranar, zafin Basra ya gasa shi tun bara.

"Allah ya isa," ta ce, ba tare da ta san wa take ja wa ba.

A shafin masu manhajar da take ƙoƙarin sakawa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa umarni ɗaya tak za ka bayar, kafin ka shanye shayinka bishiyar zuriyarka da hotunanku sun zauna a cikin na'urarka, a gidanka, ba ruwanka da kowane kamfani. Wanda ya rubuta wannan maganar ko dai bai taɓa gwadawa ba, ko kuwa shayinsa a randa ake haɗa masa. Manhajar ta ce sai an fara saka mata wata manhajar. Waccan ta ce ba ta shiri da sabon tsari, sai tsoho. Tsohon kuma an janye shi daga intanet tun tuni. Intisar malamar kwamfuta ce a makarantar 'yan mata, ba baƙuwa ba ce a wannan harka, amma hutunta kaf a ƙarƙashin matakalar nan ya ƙare.

"Yaya, har yanzu kina cikin kabarin naki?"

Ƙaninta Kusai ne, ya sauko da gajeren wando da kofin shayi. Hutu ya zo daga Turai, ya yi fari ya yi tumbi.

"Matsa min daga haske."

"Wane haske? Ai an ɗauke." Ya yi dariya shi kaɗai. "Don Allah ki huta. Baffa zai zo bayan sallar Juma'a, ki ce masa abin ya gagara, shi ke nan. Ba kunya ba ce. Ni in tafi da akwatin hotunan, a can akwai injin da zai ɗauke su tas, in zuba su a kamfani mai hankali, kowa ya gani a wayarsa."

"Kamar wancan mai hankalin?"

Kusai ya kurɓi shayinsa. Shi ne ya taɓa tattara hotunan mahaifinsu da muryarsa ya ajiye a wani babban kamfani na waje. Wata safiya kamfanin ya rufe ma'ajiyar, ya ce an karya wata ƙa'ida da bai faɗi sunanta ba. Suka yi ta rubuta koke, na'ura tana amsa musu da godiya. Shekarun Baba na ƙarshe duka suka tafi a nan. Abin da ya rage wa zuriyar shi ne akwatin ƙarfe guda na tsofaffin hotunan takarda, wanda ya tsallake yaƙe-yaƙe da ƙaura. Tun ranar Intisar ta rantse ba wani baƙo da zai sake riƙe musu fuskokin matattunsu.

Baffa Abu Sabah, ƙanin mahaifinsu kuma babban gidan yanzu, shi ya yanke hukunci da rigimar ta ishe shi. In Intisar ta nuna wa dangi abin nata yana aiki ranar Juma'ar nan, akwati ya zauna. In ba haka ba, ya bi Kusai jirgi.

Ta sake kunna kwamfutar, ta faro daga farko. Wannan karon wuta ta yi mata mutunci. Sai dai da shafin ya buɗe, sunayen dangi da ta daɗe tana shigarwa duk sun koma alamar tambaya, layi bayan layi, kamar manhajar na tambayar su wane ne waɗannan. Manhajar ba ta san haruffan Larabci ba sai an roƙe ta. Intisar ta tono maganin a ƙasan wata tsohuwar muhawara a intanet, inda wani bawan Allah ya rubuta shi cikin fushi, ta gyara. Sunaye suka fito, wasu a juye, ta sake gyarawa. Ana kiran sallar Juma'a ta ga sunan kakansu a saman bishiya, rassa sun sauko. Ba ta tsaya bin kowane reshe ba. Ta ja waya zuwa talabijin ɗin falo, ta tafi ta watsa ruwa, zuciyarta fes.

Bayan an ci gasasshen kifi da shinkafa an kwashe faranti, falo ya cika da 'yan uwa da surukai da ƙarar fanka. Akwatin yana tsakiyar ɗaki a kan darduma. Mahaifiyarsu Nuriyya tana kujerarta ta kullum, ƙafafunta da suka kumbura a kan matashi, carbi a hannu.

Intisar ta kunna. Kakansu ya bayyana da rawaninsa, falon ya ɗauki salati. Baffa ya matso da tabarau, ya ga kansa yana saurayi a bakin kogi, ya yi murmushin da ya yi ƙoƙarin ɓoyewa. Intisar ta saci kallon Kusai, ta ɗaga masa gira.

"Ina nawa?" in ji mahaifiyar. "Nuna min ni."

Ta danna sunan. Hoton tsohuwar ya cika allo, da baƙin ƙyalle a kusurwarsa, irin wanda manhajar ke sa wa mamaci. A ƙasa ga shekarar rasuwa.

Nuriyya ta miƙo wuya tana leƙen allon.

"Me aka rubuta?" in ji tsohuwar, don idonta ba ya kai wa.

Ba wanda ya so faɗa. Baffa ne ya karanta a hankali, yana bin layin da yatsa, sai ya daka tsalle kamar ya taka garwashi.

"A'uzu billahi! Intisar, mene ne wannan? An kashe uwarki, an ba ta maza biyu, sannan an ce ita da mijinta uwa ɗaya uba ɗaya!"

Nan take Intisar ta gane. Nuriyya biyu ne a gidan. Mahaifiyarta ɗan baffanta ta aura, shi kuma yana da ƙanwa mai suna Nuriyya, wadda ta rasu da daɗewa. Sunan kaka ɗaya suka ci, sunan zuriya ɗaya, shekara ɗaya. Ranar haihuwa kuwa, kamar rabin tsofaffin ƙasar nan da ba a rubuta ranarsu ba, ma'aikacin rajista ya ba su ɗaya ga Yuli su biyun. Manhajar ta ga suna ɗaya da rana ɗaya, ta haɗe su mutum guda ba tare da ta tambayi kowa ba.

Wata suruka ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Kusai bai ma ɓoye tasa dariyar ba.

"Yumma, Allah ya jiƙanki. Ashe da fatalwa muka ci kifi."

"Rufe min baki, mai tumbin banza," in ji tsohuwar. "Intisar, da gaske na'urar nan taki ta ce na mutu?"

"Kuskure ne, Yumma. Ya haɗa ki da Gwaggo Nuriyya. Yanzu zan raba ku."

Ta nemi inda ake rabawa, babu. Ta goge ɗaya ta sake shigar da ita, manhajar ta ce wannan mutumin yana nan tuni. Ta ɗauki waya ta shiga dandalin masu manhajar, yatsunta na zamewa don gumi. Ashe wani ya riga ta kawo wannan kukan shekarun baya. Amsar da aka ba shi layi biyu ce: wannan ba matsalar manhaja ba ce, ba ya yiwuwa mutum biyu a gida ɗaya su yi suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, ka gyara bayananka. Daga nan aka rufe maganar.

Ta fassara musu.

"Ba ya yiwuwa?" in ji Baffa. "Ni ma ɗaya ga Yuli ne. Liman ɗinmu ma haka. Ya zo Basra ya gani mana."

"To ai da sauƙi," in ji Kusai, yana share hawayen dariya. "Ki mai da Yumma biyu ga Yuli. Dama ranar ƙarya ce, wa ya damu?"

Gaskiya ya faɗa, kuma Intisar ta sani. Lamba ɗaya za ta canza, bishiya ta miƙe, akwati ya zauna. Ta kai hannu.

"Kar ki kuskura."

Tsohuwar ta ajiye carbin a cinyarta.

"Yumma, a cikin na'ura ne kawai..."

"Na ji. Ni da Nuriyya layi ɗaya muka bi a ofishin nan, hannuna cikin nata, mutumin ya buga mana rana ɗaya. Duk shekara ranar nan sai ta aiko min da dabino ta ce barka da haihuwar gwamnati. An tashe ni daga gidan ubana, an tashe ni daga gidan mijina lokacin bama-bamai suna sauka. Yanzu kuma wani ƙato da ban sani ba, a ƙasar da ban sani ba, zai tashe ni daga ranata? Ban matsawa."

"To a matsar da Gwaggo," in ji Kusai.

"Ƙanwata?" Baffa ya juyo masa gaba ɗaya. "Tana kwance a kabarinta za ka sake mata ranar haihuwa? Kai, Turai ta cinye maka kunya."

Intisar ta janye hannunta. Wani abu mai zafi ya taso mata, rabinsa fushi rabinsa alfahari da wannan rigimammiyar tsohuwa. Ta jawo madannin kan cinyarta.

"Ba wanda zai matsa. Manhajar ce za ta matsa."

A gaban kowa ta rufe kyakkyawan shafin, ta buɗe cikin manhajar, allon ya cika da ƙananan rubutu. A saman fayil ɗin an gargaɗi duk wanda ya taɓa wurin cewa kada ya zo neman taimako. Ta yi tsaki. Wane taimako? Ta bi layi-layi, dangi na kallo shiru kamar ana yi wa wani tiyata, har ta kai inda aka rubuta dokar suna ɗaya rana ɗaya. Ta goge ta. Ta adana, ta sake tayar da manhajar.

Allon ya yi fari fat. A tsakiyarsa wata 'yar fuska mai murmushi ta ce an samu matsala, a sake gwadawa an jima.

Ta sake gwadawa. Ta mai da layin da ta goge, farin allon bai tafi ba. Ashe dokar tana riƙe da wasu abubuwa can ciki waɗanda ba a rubuta a ko'ina ba. Kaka da rawaninsa, Baffa a bakin kogi, duk sun shige. Shayi ya zo ya huce. Surukai suka fara neman takalman yaransu.

Baffa ya cire tabarau ya naɗe. Mutum ne da ba ya magana biyu, kuma a fuskarsa an ga bai ji daɗin hakan ba yau.

"'Yata, kin yi ƙoƙari. Amma magana magana ce."

Kusai ya daina dariya. Ya durƙusa gaban akwatin, ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Yaya, ba don in yi galaba a kanki ba ne. Yarana ba su san fuskar Baba ba."

"Wa ya ɓatar da ita?"

Ta ga maganar ta shige shi, ta ji ba daɗi, amma ba ta janye ba. Idonta ya cika, ta ƙi bari ya zubo. Kusai ya sunkuyar da kai ya kama hannun akwatin.

Sai tsohuwar ta sauke ƙafafunta daga kan matashi, ɗaya bayan ɗaya, da nishi, ta ɗora su a kan murfin akwatin. Saura kaɗan ta danne masa yatsu.

"Yumma..."

"Abu Sabah," ta ce, ba ta ko kalli ɗan nata ba, "na'ura ta ce na mutu, shi ne kuka fara rabon gado?"

"Haba matar yaya, wane irin..."

"Akwatin mijina ne. Da hannuna na fito da shi daga gidan da ke ci da wuta, lokacin kai kana neman takalminka. Ran da kuka binne ni da gaske, ku yanke hukuncinku. Kai kuma, in kana so 'ya'yanka su ga kakansu, ka kawo su su gan shi a nan, in gan su ni ma."

Baffa ya buɗe baki, ya duba fuskokin da ke falon, bai ga mai taya shi ba. Ya mai da tabaransa aljihu, ya ce a sake ɗora shayi. Kusai ya saki hannun akwatin ya zauna a ƙasa inda yake, kusa da ƙafafun uwarsa.

Tsohuwar ta ɗauki carbinta, ta nuna farin allon da haɓa.

"Ke kuma, Intisar, tashe ni daga mutuwar nan. Ba sauri nake ba. Amma a ranata."