Ƙarangiyar Rami na Sha Huɗu

Dakta Zakariya ya ɗago kai daga kan madubin ƙara girma, ya goge tabarau, ya sake sunkuyawa. Karo na uku ke nan.

"Ƙaya talatin da biyu," ya ce. "Kowace da rami a ciki, bakinta a buɗe. Ƙofar kuma a gefe take, ba a ka ba. Ka zana daidai, Tukur."

Daɗi ya kama Tukur har ya rasa inda zai sa hannuwansa. Shi ma'aikaci ne a ɗakin gwajin ƙasa na kamfanin da ke gina madatsar Bakolori, aikinsa auna laka a ga ko za ta riƙe ruwa. Wani Bature da ya koma gida ya bar masa madubin ƙara girma da littafi mai hotuna, ya kuma koya masa narka laka da asid a duba abin da ya rage. A cikin wannan sauran ne ya gan ta wata biyar da suka wuce: 'yar mitsitsiyar ƙwallo mai ƙayoyi, sak ƙarangiya, wadda ido ba ya iya gani. Littafin ya ce kwanson wata halittar ruwa ne, dainofilajalet, da ta mutu tun shekaru miliyoyi. Ya kasa irinta gida biyu: masu ƙofa a ka da buɗaɗɗun ƙayoyi, da masu ƙofa a gefe da rufaffun ƙayoyi. Ta Tukur kuwa, don neman magana, ta ɗauko ƙofar wancan gida da ƙayar wannan, ta ƙi zama a ko'ina.

Shi ya sa ya rubuta wa Dakta wasiƙa zuwa jami'a. Ga shi Dakta ya zo da kansa, da takardar shiga jami'a a jakarsa. Tukur ya hango bakinta tun da safe, kuma rabonsa da son wani abu haka har ya manta.

"Sabuwa ce, ba a taɓa ba ta suna ba," in ji Dakta. "A ina ka ce an haƙo ta?"

"Rami na sha huɗu, ranka ya daɗe, kusa da Maradun. Ƙahwa talatin."

"Ka tabbata?"

"Ni na ɗaure buhun da hannuna."

Dakta ya shimfiɗa taswira a kan tebur. "Wannan abu a ruwan gishiri yake rayuwa. Teku ta taɓa shigowa ƙasar nan, gaskiya ne, amma iyakarta wajen Sakkwato da Dange. Nan babu komai sai dutse da yashin gulbi. Ko dai duk masu taswirar nan sun yi kuskure, ko kuwa wannan ba ƙasar Maradun ba ce."

Bai ce ƙarya ake yi ba, amma ya jawo jakarsa kusa da ƙafarsa.

Suka shiga Landiroba sai Maradun. Hanya cike da tifofi, ga manoma zaune a gindin tsamiya suna kallon katafila tana baje kunyoyin gonakinsu. Tukur bai ga ko ɗaya da kyau ba. Lissafi yake ta yi a ransa: ya haƙa, ya ɗaure, ya rubuta lamba, ya narka. To ta ina teku ta shigo?

A bakin ramin leburori suka fito musu da ragowar lakar ƙafa talatin. Dakta ya murza ta a yatsa, ya fito da gutsuren da ya ɗebo daga buhun ɗakin gwaji, ya murza shi ma. Ya miƙa wa Tukur duka biyun. Launi ɗaya, fari-fari mai ruwan toka. Amma ta ramin tana ƙaras-ƙaras da yashi, ta buhun kuwa sumul take kamar sabulu.

"To?" in ji Dakta.

"Wallahi, ranka ya daɗe, ban sani ba."

"Zan kama hanya da la'asar. Ba zan iya sa hannu a kan abin da ban san asalinsa ba."

Da azahar Tukur ya shiga gida a Talata Mafara, kai ya ɗaure tam. Ya tarar da matarsa Suwaiba a inuwar ɗaki ta miƙe ƙafa, cikinta na wata takwas ya yi gaba. Ta yi masa sannu da zuwa baki a cike, ta yi wuf ta tura wani abu ƙarƙashin tabarma.

"Mi kike ci?"

"Ba komi, Malam."

Ga farin gari a gefen leɓenta. Ya ɗaga tabarmar ya ga gutsuren farar ƙasa, irin wadda masu ciki ke ɓantara in kwaɗayi ya taso. Ya sha hana ta, ta sha rantsuwa ta daina. Har ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya murza gutsuren a yatsa. Sumul.

Nan take ya tuna. Ranar da ya taho da buhun daga Maradun an rufe ɗakin gwaji don hutun Sallah, buhun ya yi kwana huɗu a bayan ƙofar ɗakinsu.

"Suwaiba, don Allah hwaɗa mani gaskiya. Buhun nan da na aje lokacin Sallah, kin taɓa shi?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane. "Ƙamshinta ne ya dame ni. Na ce ɗan kaɗan zan ɗanɗana. Kahin in ankara ta ƙare."

"Ta ƙare? Ƙasar kamfani kinka cinye?"

"Ai ban bar buhun wohi ba, Malam. Wa ke mai da kayan mutane ba komi ciki? Iya Batulu ta zo da talla, na cika maka shi da tata. Ta ma hi taku kyau, taku duk yashi ce, haƙorana sun sha wuya."

Tukur ya zauna daɓas a kan turmi. Wata biyar yana ƙirga ƙaya, yana mafarkin teku a Maradun, ashe tallar Iya Batulu yake ta nazari. Ya so ya yi fushi, dariya ta nemi ƙwace masa, kunya ta danne su duka biyun.

Zai iya yin shiru. A ce ya ruɗa buhuna ya fi sauƙin faɗi a kan a ce matarsa ta cinye. Amma in ya yi shiru, ƙarangiyar ta zama marar gari, kuma Dakta ya riga ya ce ba ya sa hannu a kan marar asali. Ya tashi ya ɗauki hularsa.

Dakta ya saurare shi har ƙarshe bai katse shi ba. Sai ya cire tabarau ya daɗe yana goge ido, kafaɗunsa na rawa don dariya.

"Ina wannan Batulun take zama?"

Ranar kasuwa ce, suka same ta a layin masu kanwa, tsohuwa da kwanduna uku a gabanta. Bayan doguwar gaisuwa ta ce na farko daga Damri yake, na biyu daga wajen Bakura, na uku kuwa maginan rijiya ke kawo mata daga ƙauyen surukanta, can gaba da Dange.

"Wacce kika kai wa matar wannan da Sallah?" Dakta ya tambaya.

"Ɗan nan, abin da anka yi da Sallah? Ni ko na jiya ban riƙe ba. Dut ba ƙasa ba ce?"

Suka murza, duka ukun sumul. A narka su a duba kuwa sai an yi mako. Dakta ya dubi agogo, ya dubi Tukur.

"Akwai wanda zai iya bambanta su yau?"

"Akwai, ranka ya daɗe," Tukur ya ce a hankali.

Haka aka yi Dakta guda ya zauna a zauren Tukur da alƙalami a hannu, yana jiran hukuncin da za a yanke a bayan zana. Tukur ya shiga da gutsure uku ba tare da ya faɗi na inda kowanne yake ba. Aka ji ƙurus.

"Wagga ba ita ba ce, tsami gare ta," in ji Suwaiba.

Aka sake jin ƙurus. "Wagga warin fadama take."

Na ukun ta daɗe a kansa. "Ita ce wagga. Mai laushi, mai gishiri-gishiri a ƙarshen halshe. Ko ido rufe na san ta."

Ta ƙauyen gaba da Dange ce. Dakta ya maimaita "gishiri-gishiri" a ransa, ya rubuta wani abu a littafinsa. Da Tukur ya fito, ya buɗe jaka ya miƙa masa takardar.

"Ka cike. Jibi ka same ni a Sakkwato, mu nemo rijiyar nan. Ka taho da sauran gutsuren, shi ne shaidarmu."

Tukur ya raka shi har mota, ya tsaya yana kallon takardar, bai san ko murna yake ko kunya ba. Sai maganar gutsuren ta faɗo masa, ya juya da gudu. Ya tarar da Suwaiba ta kai shi baki, saura ɗan abin da bai wuce goro ba.

Ya karɓe shi da hannu biyu, ya naɗe a hankici, ya sa a aljihun gaba ya ɓalla maɓalli.

"Wagga kam," ya ce yana haki, "tare za mu kwana."